Littafi na ɗaya ba ya iya jira

Ƙanwata ce ta ƙirga su, ni ban taɓa yi ba. Ta shigo ɗakina neman caja, sai ta tsaya a gefen gado tana bin littattafan da yatsa tun daga ƙasa har sama, bakinta yana motsi. Da ta kai ƙarshe ta juyo ta ce, "Yaya, 41 fa. Duk ka karanta su?" Na ce mata ko ɗaya ban gama ba, waɗanda na gama suna can kan kanta. Ta ɗauki na saman, mai zanen wani tsohon gida a bango, tagoginsa duk duhu in ban da guda ɗaya, ta hure ƙurar da ta kwanta a kai, ta ce, "To ka dakata da saye mana, sai ka ga bayan waɗannan."

Shawara ce ta mai hankali, kuma in aka tara mutum goma na san tara za su goyi bayanta. Na kwana biyu ina juya maganar a raina. Rabinta na karɓa, rabi na ƙi, kuma rabin da na ƙi shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin abin ya wuce ɗakina. Ya shafi irin labaran da za su ci gaba da fitowa, da marubutan da za su kai ga littafinsu na biyu.

Littattafan nan iri biyu ne. Akwai almara, labaran duniyoyin da babu su, masu taswira a shafin farko, cike da sarakuna da matsafa da dodanni masu aman wuta. Akwai kuma labaran ban tsoro, na fatalwa da gidajen da ba a kwana cikinsu lafiya. Kusan duka sababbin fitowa ne. Duk mai karanta irin waɗannan ya san tarinsu ya fi na kowa saurin tsayi, kuma laifin ba na kwaɗayin mai karatu ba ne kaɗai. Haka ake ƙera su. Tolkien ya rubuta The Lord of the Rings a matsayin labari guda, kamfanin Allen & Unwin ne ya raba shi uku saboda tsadar bugu, ya fitar da shi a 1954 da 1955. Abin da larura ta kawo sai ya zama hanyar da kowa ke bi. Yau da wuya ka ɗauki almara ka same ta ta ƙare a bango biyu; kana kai shafin ƙarshe za a ce maka mu haɗu a littafi na biyu. Robert Jordan ya fara The Wheel of Time a 1990, ya rasu a 2007 bai kammala ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa masa, na 14 ya fito a 2013. Wanda ya fara karanta shi yana saurayi ya gama yana da 'ya'ya.

Ni in na samu natsuwa nakan ci shafi 30 kafin barci ya ɗauke ni. Littafi mai shafi 900 wata guda ke nan cur, in ba a sami daren da gajiya ta fi ƙarfina ba. Kafin watan ya mutu an fitar da wasu da ba su ƙirguwa. Wannan lissafi ba zai taɓa daidaita ba, kuma na daina tsammanin ya daidaita.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu karatun almara, wadda take 'yar uwar shawarar ƙanwata ce: "Ni ba na taɓa jeri sai an gama shi." Na san inda ta samo asali, domin ni ma an ƙona ni. George R. R. Martin ya fitar da A Game of Thrones a 1996, na biyar ya fito a 2011, daga nan aka shafe fiye da shekara goma ana jiran na shida. Patrick Rothfuss ya fitar da na ɗaya a nasa jerin a 2007, na biyu a 2011, masu karatu suka zuba ido har idon ya gaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban ga laifin mai gudun ba.

Sai dai a duba wanda gudun ke cutarwa. Martin ba ya jin rashin kuɗina ko kaɗan. Sanderson kuwa, a 2022 ya nemi masu karatu su biya kuɗin littattafai huɗu tun kafin su fito, ta dandalin Kickstarter, aka tara masa sama da dala miliyan 41. Waɗannan sun haye. Wanda ke nutsewa shi ne marubucin da ya shekara biyar yana rubuta littafinsa na farko da daddare bayan ya dawo daga aiki, wanda in ka faɗi sunansa a taron masu karatu za a ce maka wane ne shi kuma.

Ga yadda harkar take tafiya a manyan kasuwannin littafi irin na Amurka da Ingila. Kanti yana karɓar littafi ne da sharaɗin cewa abin da bai sayu ba zai mayar wa kamfanin ɗab'i. Wurin ajiya kaɗan ne, sababbi kuma suna tahowa kowane mako, don haka littafin da ya yi 'yan watanni ba ya motsi sai a kwashe shi. A Amurka, ƙananan littattafai masu laushin bango ma ba a wahalar mayar da su gaba ɗaya: a yage bangon a aika wa kamfani shaida, sauran a kai a niƙe. Shi ya sa in ka buɗe irinsu za ka ga gargaɗi a shafukan farko cewa in an sayar maka da shi babu bango, kayan sata ka saya. Idan na biyu ya zo fitowa, kanti zai duba nawa ya sayar na na ɗaya, ya yi oda daidai da haka ko ƙasa da haka. Kamfani ma abin da yake dubawa ke nan kafin ya sa hannu a kan na uku. To idan mutum dubu suka so littafin a ransu, amma kowa ya ce zai jira a gama jerin, a takardar kamfani babu su. Ba a rubuta niyya a lissafin ciniki. Jerin ya tsaya a na biyu, masu jira su ce ka gani ko, ai da ma mun faɗa, alhali jiran nasu ne ya kashe shi.

Wannan shi ne rabin da na ƙi. Da na zauna na warware tarin nan, na sami 17 a cikin 41 littattafan farko ne na marubutan da ban taɓa jin sunansu ba kafin ranar da na saye su. Ba na nadamar ko ɗaya. Na saye su a lokacin da sayen yake da amfani ga masu su, wato makonnin farko, lokacin da ake yanke hukunci a kansu a ofisoshin da ba za su taɓa shiga ba.

Labaran ban tsoro nasu ya fi muni, domin kasuwarsu takan cika ta batse, sannan ta ƙafe. Rosemary's Baby na Ira Levin ya fito a 1967, The Exorcist na William Peter Blatty a 1971, Carrie na Stephen King a 1974, kuma nasarar waɗannan ta buɗe ƙofa. Shekarun 1980 kamfanoni suka yi ta zubo littattafan firgici masu bangon kwarangwal da jajayen idanu, na kirki da na banza duk a haɗe. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta faɗi. Marubuta da yawa suka ɓace tare da ayyukansu, wasu a cikinsu sun fi waɗanda suka tsira iya rubutu. Sai a 2017 Grady Hendrix ya fitar da Paperbacks from Hell yana ba da tarihin wannan zamani, daga baya wani ƙaramin kamfani mai suna Valancourt ya sake buga wasu daga ciki. A ina aka samo su bayan shekara talatin? A hannun mutanen da suka saya suka ajiye, a kwalaye da ƙarƙashin gado da shagunan tsofaffin littattafai. Tarin da ake yi wa faɗa a gida shi ne ya zama taska.

Yanzu ga rabin da na karɓa, kuma ya fi min ɗaci domin ya taɓa ni.

An mayar da sayen littafi wani abin nunawa. A TikTok da Instagram za ka ga mutum ya zube sababbin littattafai goma sha a gaban kyamara yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya yabi bango, ya yabi zanen da aka fesa a gefen shafuka, ya yabi ruwan zinaren da aka rubuta suna da shi, bai faɗi kalma ɗaya game da abin da ke ciki ba domin bai buɗe ba. Kamfanoni sun gane, sai suka shiga fitar da littafi ɗaya cikin riga uku ko huɗu. Ni ma na faɗa sau ɗaya. Na sayi kwafi na biyu na wani littafi don kawai an fesa wa gefensa baƙi da hoton ƙaya, alhali na farkon yana cikin tarin ban karanta ba. Har yau yana cikin ledarsa. Duk lokacin da idona ya faɗa kansa nakan tuna cewa kuɗin nan da ya isa ya sayi littafin farko na wani da ke buƙata, na kashe shi a kan fenti.

Masu kare tara littafi suna son labarin al-Jahiz, malamin Basra da ya rasu wajen shekarar 868, wanda aka ruwaito cewa tarin littattafansa ne ya rufto masa ya zama ajalinsa. Suna mantawa da ɗaya ruwayar, wadda Ibn al-Nadim ya kawo a cikin littafinsa al-Fihrist: cewa littafi bai taɓa shiga hannunsa ba face ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ko wane iri ne, har yakan kama hayar shagunan masu sayar da littattafai ya zauna ciki yana nazari. Tarinsa na mai karatu ne. Wanda ya ari labarin mutuwarsa don ya kare kantar da aka jera don ado, ya ari abin da ba nasa ba.

Kuma in na yi wa kaina adalci, sayen da na yi wa waɗancan 17 rabin hakkinsu kawai na biya. Littafin sabon marubuci ba shi da kuɗin talla. Abin da ke ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu shi ne bakin wanda ya karanta, ya kira abokinsa ya ce wallahi kada ka bari wannan ya wuce ka, ko ya rubuta layi uku na sharhi a intanet, ko ya nemi ɗakin karatu su sayo. Littafin da ke kwance a gefen gadona wata takwas bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ba shi ciniki ɗaya, na hana shi biyar da zai iya samu ta bakina. Randa zan karanta shi in fara yabonsa, ƙila an riga an kwashe shi daga kantuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ina shirin fafe nawa bayan ayari ya wuce.

Na san akwai wanda zai karanta duk wannan ya ce wahalar me ake yi a kan ƙarya tsagwaronta, dodanni da fatalwa, ga littattafan ilimi jibge ba a karanta ba. Wannan raini ya tsufa. Shi kansa Ibn al-Nadim, da yake rubutu a Bagadaza wajen 987, ya ambaci littafin Farisa mai suna Hazar Afsan, tushen Dare Dubu da Ɗaya, ya ce ya gan shi cikakke ba sau ɗaya ba, kuma littafi ne maras armashi, mai sanyin zance. Shekara dubu ke nan, labaran suna nan a harsuna da yawa. Amma ba tsawon rai ne hujjata ba. Hujjata ita ce akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa sai ta wannan hanya. Ahmed Saadawi ɗan Iraƙi ya fitar da Frankenstein in Baghdad da Larabci a 2013, ya ci babbar lambar yabo ta ƙagaggun labaran Larabci a 2014. A ciki, wani mai sayar da tsofaffin kaya yana tsintar sassan jikin mutanen da bam ya tarwatsa, yana ɗinke su wuri guda don a ɗauke su a matsayin mutum a binne su da mutunci. Gawar ta tashi tana neman fansar kowane sashe nata, kuma don ta ci gaba da tafiya sai ta buƙaci sababbin sassa, har aka kasa bambance mai laifi da wanda aka zalunta a jikinta. Na karanta rahotanni da yawa a kan yaƙin Iraƙi. Babu wanda ya sa na ajiye takarda na yi shiru na tsawon lokaci kamar wannan ƙagaggen dodo.

Akwai kuma wani amfani na tarin da wanda ba ya karanta labaran tsoro ba zai gane shi da wuri ba. Irin wannan littafi yana da lokacinsa. Ka buɗe shi da rana tsaka cikin hayaniya, ba zai yi maka komai ba, har ka ce marubucin bai iya ba. Ka buɗe shi ƙarfe ɗaya na dare, ruwa yana dukan taga, kowa ya yi barci, sai ka ji gashin jikinka ya tashi a shafin da ba a ma nuna maka komai ba, an dai ce ƙofar da aka rufe ɗazu yanzu a buɗe take. Irin wannan dare ba ya sallama kafin ya zo, dole ya tarar da littafin a kusa. A 1816, shekarar da toka daga aman dutsen Tambora na Indonesiya ta lalata yanayi a Turai, ruwan sama ya tsare wasu matasa a wani gida a bakin tafkin Geneva. Abin da ke hannunsu shi ne wani littafin labaran fatalwa na Jamus da aka fassara zuwa Faransanci, mai suna Fantasmagoriana. Suka yi ta karanta wa juna, har ɗaya daga cikinsu, mawaƙin Ingila Lord Byron, ya ce kowa ya rubuta nasa. Mary Shelley, wadda ita ma tana cikinsu, tana da shekara 18 a lokacin, kuma abin da ta fara a wannan zama shi ne Frankenstein, wanda ya fito a 1818, wanda Saadawi ya ari sunansa bayan kusan shekara 200. Da babu wancan littafi a gidan a daren da ruwa ya tsare su, ban san me za su yi da daren ba.

Don haka ba zan daina saye ba, amma na canza abin da nake saye da yadda nake jera shi. Manyan marubuta su jira. Littattafansu ba za su ƙare a kasuwa ba, ko bayan shekara goma zan same su, ɗakunan karatu ma suna da su. Bugu na biyu mai fentin gefe na rufe wannan babi. Kuɗin da nake da shi na littafi ya koma kan na farko daga hannun wanda ba a sani ba, kuma da sharaɗi ɗaya a kaina: ya hau saman tarin ranar da ya shigo, in fara shi kafin wata ya zagayo, in ya yi min daɗi in faɗa wa mutum uku, in bai yi ba in miƙa shi ga wanda zai fi ni jin daɗinsa. Na kuma ba kaina izinin ajiye littafi a shafi na 100 in bai kama ni ba. Da can ina ganin wannan cin amana ne, sai in maƙale a kan littafi ɗaya wata biyu ina ja da ƙyar, na bayansa suna tsufa. Cin amanar na waɗanda ke layi ne.

Daren da na sake jera su, na zauna a ƙasa na raba gida biyu. Masu kauri na jerin da aka san su na mayar ƙasa, su zama tushe. Waɗancan 17 na ɗora a sama, wanda ya fi daɗewa a hannuna a kan gaba. A cikin ɗaya na tsinci takardar da na sa alama da ita a shafi na 62, ta yi ja don daɗewa, kuma ko sunan jarumar ban iya tunawa ba. Na zare ta na koma shafin farko.

Mai zanen gidan nan kuwa ƙanwata ce ta tafi da shi, ta ce tana so ta ga abin da ke cikin tagar da ke da haske. Kwana uku ban ji ɗuriyarta ba. A na huɗu ta turo ƙofa da sassafe, idanunta sun yi ja, ta ce tun shekaranjiya da fitila a kunne take kwana. Ta ajiye littafin a kan gado ta ce, "Yaya, ina na biyun?" Na ce ba a buga ba tukuna. Ta ce, "To yaushe?" Na ce kamfanin bai ce komai ba, na duba. Ta tsaya tana kallon bangon, sannan ta sake ɗaukarsa, ta ciro waya ta ɗauki hotonsa, ta zauna a bakin gado tana tura wa ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya.